Dawowar Manzo Dungas

Tun da mahaifinsu Isufu ya rasu, Ɗela ce kaɗai ta rage a gidan gadonsu na Dungas. Yayyenta maza biyu ne. Jibo, babban, Nasara sun ɗauke shi soja, tun daga nan ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Manzo kuwa, shekarar da aka zo ɗibar mutane aikin hanya, yana jin sunansa ya fito ya ɗauki sandarsa ya tsallake iyaka, ya zauna ƙasar Ingilishi wajen Ɓaɓura. Ita Ɗela da mijinta ya mutu ta dawo ɗakin uwarta, tana suyar ƙuli-ƙuli tana kai wa kasuwa.

Maƙwabcinsu Labbo ne ya hana ta sakat. Cewa yake ubansa ne ya ara wa Isufu filin. Kowace shekara in ya tashi gyaran danga sai ya matso da ita, har rumbun Ɗela ya wayi gari a cikin gidansa. Ta kai ƙara wurin mai gari, aka ce mace ba ta tsaya wa gida, ta kawo 'yan'uwanta maza.

Ana nan, ran kasuwa mai shela ya zaga yana cewa kumandan, Baturen mulkin Faransi, ya ce duk mai gidan gado ya je bariki a yi masa takarda kyauta, daga nan ba mai ƙara taɓa masa ko taku ɗaya. Ɗela ta bar kaskon suya ta kama hanya.

A bakin biro, wato ofishin kumandan, ta tarar da tafinta, wani Babarbare mai suna Ari. Ya saurare ta da kyau, ya ce, "Goggo, abu mai sauƙi ne. Sai dai dole kowane magaji ya zo ya ɗora yatsansa."

Ta ce, "Jibo fa?"

"Soja ai na gwamnati ne, nasa ba wuya."

Ta sassauta murya ta gaya masa yadda Manzo ya tafi. Ari ya yi dariya. "Wannan tsohon zance? An sauya kumandan tun tuni. Wa zai tuna?"

Ta bi ayarin masu gyaɗa har Ɓaɓura. Ta iske Manzo ya yi ƙiba, ya yi gona, yana da mata mai suna Hinda da 'ya'ya ƙanana. Da ya ji abin da ke tafe da ita sai fuskarsa ta canza.

"Ɗela, ni ba ni taka ƙasar Faransi. Ki bar gidan nan, ki dawo nan mu zauna."

"Yaya, ɗakin da Inna ta haife mu, nan Labbo zai ɗaure jakinsa. Yatsa kawai za ka ɗora, ka juyo."

Ta yi ta kuka, ta ƙi cin tuwonsu. Hinda ta ce, "Maigida, raina bai kwanta da tafiyar nan ba." Amma Manzo ya dubi ƙanwarsa, yadda ta rame, duk hannunta ƙunar mai, ya ce a ɗaura wa jaki akumari.

A bariki aka shafa masa tawada, ya danna yatsa. Yana gogewa a jikin rigarsa ne wani tsohon gardi, ɗan sandan bariki, ya matso, ya ƙura masa ido. Shi ne aka aika ya taho da Manzo waccan shekara, ya koma hannu wofi, aka yi masa bulala a gaban jama'a. Bai manta ba. Kafin Ɗela ta gane abin da ake ciki, an sa wa yayanta igiya a ƙugu.

Ta faɗi gaban Ari tana cewa, "Kai ka ce! Kai ka ce ba mai tunawa!" Ari ya kau da kai. Da kumandan ya yi magana, ya fassara a hankali: Manzo zai biya aikin da ya gudar wa. Takarda kuma sai Jibo ya zo, ko a kawo shaidar mutuwarsa.

Manzo bai yi mata faɗa ba. Da za a wuce da shi ya ce, "Ki kai wa Hinda jakin."

Ta kasa. Kullum ta ce gobe. Aka tafi da Manzo arewa, gaba da Damagaram, fasa dutse. Bayan kaka wani mutumin Guci da aka sako ya biyo ta gidan, ya ce ciwon ciki ya kama Manzo, sun rufe shi a gefen hanya.

Sai a lokacin ta kora jakin zuwa Ɓaɓura. Hinda na daka a tsakar gida. Ta ga jaki ba mai shi, ta ajiye taɓarya. Ta shimfiɗa wa Ɗela tabarma, ta kawo mata ruwa, ta kore yaran waje. Ɗela ta faɗi abin da ta zo faɗi, kanta a ƙasa.

Hinda ta ɗago ta dube ta. Can ta ce, "Goggon yara, to takardar fa, kin samu?"

Ɗela ta ce, "Ban samu ba."