Ciwon da Aka Haɗa wa Mama

Mama dai lafiyarta ƙalau, in ji ta, sai abin da ba a rasa ba. Damuwarta ɗaya ce: babban ɗanta, wanda duk gidan ke kira Yaya, ya yi shekaru yana aiki can nesa, kullum sai ya ce yana nan tafe, amma ko ƙeyarsa ba a gani ba.

Wata safiya ta faɗo ɗakin Auta, wadda sana'arta ita ce gyaran bidiyon talla a kwamfuta.

"Ke da kike mayar da ruɓaɓɓen tumatir ja jawur, ki ɗauke ni a bidiyo ki mayar da ni mara lafiya, mu tura wa Yayanki."

"Haba Mama! Ai ƙarya ke nan."

"Na tumatir ɗin gaskiya ne?"

Auta ta ɗauko kyamara. Mama ta kishingiɗa a doguwar kujera tana nishi, tana yi tana leƙen ko ɗankwalinta ya zauna daidai.

Sai aka zo gyaran launi. Auta ta rage ƙarfin launin, Mama ta yi fari fat kamar an barbaɗa mata toka. Matsalar ita ce koren labulen da ke bayanta shi ma ya kwanta ciwo, har da kyanwar gidan. Ta ja launin wajen shuɗi.

"Ke! Ciwo na ce, ban ce gawa ba!"

Auta ta mayar da shi wajen rawaya.

"Yanzu kuma shawara kika ɗora min? Kuma kar ki kashe min ɗankwali, sabo ne."

Wai ita majinyaciya! Haka Auta ta zagaye fuskar kaɗai, ta dusashe ta, ta ƙara duhu a ƙasan ido, har Mama ta gyaɗa kai ta ce ita ma ta tausaya wa kanta.

Saura fitar da bidiyon. Auta na cikin zaɓen ƙaramin girma don ya shiga waya, Mama na tsaye a kanta.

"Yi sauri mana kafin in warke!"

Auta ta danna, ta tura, ko kallonsa ba ta yi ba.

Mako bai zagayo ba sai ga Yaya da jakarsa. Mama ta manta da nishi sarai, ta shiga kai da kawo tana haɗa shayi. Shi kuwa ya ja Auta gefe, idonsa ya yi ja, ya miƙa mata waya.

"Me ya sa ba ki gaya min Mama ta rame haka ba? Dubi wuyanta. Dubi hannunta."

Auta ta buɗe baki za ta yi dariya ta tona asiri, sai idonta ya sauka a kan fuskar Mama a bidiyon. Babu toka, babu duhun ido. Ashe garin sauri ba ta danna ɗan maɓallin da ke haɗa gyaran launi da bidiyon ba. Abin da Yaya ya gani Mama ce yadda take.

Kullum suna tare da Mama, ita Auta da ke gane ɗigon ja idan ya yi yawa a hoto, amma ba ta ga ramar ba. Ta juya. Butar shayi na rawa a hannun Mama.

Mama ta kashe mata ido, ta yi raɗa: "Aikinki ya yi, Auta."

"Ya yi, Mama," in ji Auta. "Kawo butar, ki zauna."