Ɗakin Ajiya

Lauya Tijjani ya ɗora tsinin biro a kan taswirar filin, daidai kusurwar gabas, ya ce, "Malam Gwadabe, wannan ɗakin da ƙofarsa ke kallon titi fa, na mene ne?"

"Masallaci ne, ranka ya daɗe."

Lauyan ya cire tabarau ya murza ido.

Tun da masaƙarsu ta Challawa ta rufe a wannan shekara ta tsuke bakin aljihu, Gwadabe bai san hutu ba. Kamfanin ne ya ba shi rancen da ya gina gidansa a Panshekara, takardar filin tana hannunsu a matsayin jingina. Yanzu sun ce ko ya biya gaba ɗaya, ko a yi gwanjon gidan a ƙarshen wata. Da ya samu aiki a wata majemar fata a Sharada, banki ya yarda ya biya kamfanin, jinginar ta koma hannunsa. An zo an auna gida, an duba rajista a ma'aikatar ƙasa, an nemi amincewar gwamna. Takalminsa har ya cinye don zirga-zirga. Sai da ya ga kamar an gama, ashe tsugune ba ta ƙare ba.

"Banki ba ya karɓar gidan da wani ke da haƙƙi a ciki," in ji lauyan. "In ka kasa biya, wa zai sayi gida da masallaci a jikinsa? Ka ba jama'a ɗakin a rubuce ne?"

"Wane irin rubutu? Ranar sunan ɗana na miƙe a gaban jama'a na ce na bar wa Allah."

"To, doka ba ta je sunan ba. Hanya biyu ce. Ko a yanke kusurwar a sake awo, a sake takarda, a sake neman hannun gwamna, wannan kuwa sai baɗi. Ko ka je kotu ka rantse cewa ɗakin ajiya ne, babu mai haƙƙi sai kai. Jibi ma'aikacin banki zai dawo dubawa. Ya tarar an kwashe tabarmi, an sa kwaɗo."

Gwadabe ya dubi taswirar. Matarsa Zuwaira ya tuna, da tsohon cikinta, da mahaifiyarsa da ya ɗauko daga ƙauye bayan ya sayar da gonar gado ya sayi filin nan. In gidan ya tafi, babu inda za su koma. Tsoro ya kama shi, irin wanda bai taɓa ji ba.

A kotu, magatakarda bai ko ɗago kai ba. "Baba, kuna da alwala?"

Yana da ita. Ya karɓi Alƙur'ani, ya maimaita abin da aka ce ya faɗa. Aka buga hatimi, aka kira na baya. A hanyar tashar bas ya tsaya ya sayi kwaɗo.

Ana shirin la'asar ya sauka a unguwa. Tun daga nesa ya hango jama'a a ƙofar gidansa. Da ya matso sai ya ga siminti ake kwaɓawa. Tsofaffin abokan aikinsa ne, waɗanda aka sallama tare da shi, sun naɗe ƙafar wando suna yi wa masallacin filasta.

Liman Malam Inuwa ya taro shi da fara'a. "Mai masallaci! Mun ce zaman banza bai yi ba, gara mu gyara ɗakin Allah kafin damina. Kai ka yi mai wuyar." Ya ɗaga hannu sama. "Jama'a, mu yi masa addu'a. Yadda ya ba Allah ɗaki a nan, Allah ya gina masa gida a Aljanna."

Kowa ya ce amin, aka shafa. Gwadabe bai iya ɗaga hannu ba. Na damansa na cikin aljihu, riƙe da kwaɗon.