Rukunin Masu Lafiya

Hoton ƙwaƙwalwa na haskawa a bangon aji, nan ja can shuɗi, rabin ɗaliban kuwa hamma suke. Dakta ta maimaita musu abin da bakinta ya gaji da faɗa: ciwon damuwa ciwo ne kamar hawan jini, ba lalaci ba ne, ba raunin imani ba ne, ba kuma abin kunya ba ne. Suka rubuta, don sun san zai fito a jarrabawa.

Bincikenta ne ya cije. Masu ciwon ta same su. Masu lafiyar da za a kwatanta da su ne suka yi wuya, don babu mai son kwanciya cikin na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa lafiyarsa ƙalau. Shi ya sa ta lallaɓo maigidanta. Tun da ya yi ritaya ba shi da aiki sai zama a baranda yana kallon katangar maƙwabta. Ta ce masa ko ba komai ya sha iska.

* * *

A ƙa'ida ba ta tantance nata, don haka abokin aikinta ne ya yi masa tambayoyin. Ya same ta a ofis ta nutse cikin takardun ɗalibai. Ya tura ƙofa, bai zauna ba.

"Dakta, ba zan sa shi a rukunin masu lafiya ba."

Ta yi 'yar dariya, ta ce miskilanci ne, haka ta aure shi. Mutumin bai taya ta dariyar ba. Ya ce maigidan ba ya barci, abincin da take bar masa kyanwa ke cinyewa, kuma ya daɗe yana ganin gidan zai fi sauƙi in babu shi.

"Shi ya roƙe ni in gaya miki. Ya ce ke kika san abin nan, amma bakinsa ya kasa."

Duk alamomin nan da safe ta jera su a allo. Kunya ta rufe ta, sai kuma tsoro.

* * *

A hanya ta shirya kalamanta tsaf. Tana shiga ta ga takalman yayarsa a bakin ƙofa, matar da ba ta iya kwana da magana a ciki. Bayan gaisuwa Yaya ta gyara zama, ta ce ta ji an kai ƙaninta ɗakin gwajin masu taɓin hankali, alhali kaf danginsu ba a taɓa yin irin wannan ba, ga 'ya'ya mata ba su yi aure ba.

"To, me kuka gani a kan nasa?"

Maigidan ya ɗago. Rabon da ya dubi Dakta ido cikin ido har ta manta. Jira yake.

Dakta ta ji gajiyar duniya ta sauko mata a kafaɗa.

"Ba komai, Yaya. Hawan jini ne kawai."

Yaya ta yi hamdala, ta shiga lissafa masa abubuwan da zai daina ci. Shi dai ya gyaɗa kai a hankali, ya ɗauki kujerarsa ya koma baranda. Kyanwar ta bi shi, ta zauna kusa da kwanon abincinsa.