Kifin da Mu'azzam Ya Bari

Kwana goma sha ɗaya ke nan kifin bai ci komai ba.

Giwan ruwa ne, tsawonsa ya fi kamu ɗaya. Mu'azzam ya raine shi tun yana kamar ɗan yatsa, a wani babban akwatin gilashi a gidansu na haya a Kazaure. Da Mu'azzam ya rasu, washegarin sadakar bakwai 'yan uwansa suka kwaso kayansa da matarsa Bahijja zuwa gidan iyayensa a Roni, can za ta ƙarasa takaba. Masu ɗaukar kaya suka ce akwatin ya yi nauyi, suka tuttular da ruwansa a ƙasa, suka jefa kifin a baho. A Roni aka cika akwatin da ruwan rijiya, aka ajiye shi a ɗakin Inna Dela, mahaifiyar mamacin, inda mata ke zaman gaisuwa.

Duk wadda ta shigo, bayan "ya haƙuri" sai ta ƙwanƙwasa gilashin. "Ikon Allah! Kifi kamar a talabijin!" Wata ta jefa masa ƙuli-ƙuli, wata lomar tuwo. Kifin ya koma kusurwa ya kafa kai, launinsa ya dushe. In an watse, Bahijja ta ɗauki ludayi ta tsame tarkacen.

Ta san abin da yake so. Shekara uku tana kallon Mu'azzam yana sakar masa ƙananan karfasa masu rai, yana rufa zane a gefen gilashin don kada haske ya dame shi, kuma bai taɓa canza masa ruwa gaba ɗaya ba. Ruwan dam da masuntansa duk suna Kazaure, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya a babur ba. Amma mai takaba ba ta leƙa ko zaure.

Da Daudu, wan Mu'azzam, ya shigo gaida Inna, Bahijja ta durƙusa daga bakin ƙofa.

"Yaya, don Allah in ka shiga Kazaure, jarka biyu na ruwan dam nake roƙo, da 'yan ƙananan kifi masu rai."

Ya yi dariya. "Ruwan da muke sha ne bai yi masa ba? Lallai wannan kifin ɗan boko ne."

Washegari ya kawo mata busasshen kifi a ƙullin leda.

Ta jiƙa shi, ta ɗaura a zare tana wasa da shi a gaban bakin kifin kamar mai rai. Ko motsi bai yi ba. Cikinsa ya shafe, ya fara kwanciya a gefe ɗaya. Inna Dela ta ce, "Ke 'yar nan, carbi ya kamata ki riƙe, ba zare ba."

Ranar Juma'a Bahijja ta haƙura da riƙe kifin. Ta sake durƙusawa. "Yaya, a kai shi dam a sake shi. Ko ba a wurina ba, ya rayu."

A wannan karon Daudu bai yi musu ba. Da kansa ya ɗauko baho, ya sa kifin a ciki, ya ɗaure shi a bayan babur. Tana jin ruwa yana fallatsa har ƙarar babur ɗin ta ɓace.

Bayan la'asar ƙamshin citta da kanumfari ya cika gidan. Saude, matar Daudu, ta shigo da kwano a rufe ta dire a gabanta.

"Ko rabin hanya bai kai ba ya mutu," in ji Saude. "Yayanki ya ce kifi ba ya mushe, zubar da shi almubazzaranci ne. An aika wa maƙwabta sadaka, Allah ya kai ladan kabarin Mu'azzam. Ga naki, tsoka na zaɓar miki."

Inna Dela ta ce amin tana share hawaye, da gaske take.

Bahijja ba ta buɗe kwanon ba. Saude ta ɗan tsaya, tana auna akwatin gilashin da taƙi.

"Wannan fa, tunda yanzu ba kowa a ciki? In an wanke shi da omo, zai ɗauke min kwanukan tangaran ɗina duka."