Taken Jatau

Wani mafarki na yi jiya, har yanzu ban gane kansa ba. Ni Jatau, da na shekara talatin ina kokawa bayana bai taɓa ƙasa ba, sai ga ni a bakin filin wani gari da rana tsaka, na ci ɗamara. Ruwa ake yi, amma daga ƙasa yake hawa sama. Ƙafata jagab, kaina a bushe.

Akuya ce alƙalin wasa, da tabarau da usur. Na ce mata karona na ƙarshe ke nan, a buɗe mini.

Ta ce, "Tsoho, ai ka san doka. Ba a shiga fili sai an kaɗa wa mutum takensa."

"To a kaɗa mana."

"Naka ya tafi asibiti, gwiwa ke damunsa. Kuma da ruwan nan ya gama hawa za mu naɗe filin."

Ban ga abin musu ba, don ni ma gwiwar ce.

Sai ga ni a kan rufin wata rumfa, gaban Tunau, makaɗin da ya bi ni gari-gari tun ina saurayi. Yana ta ɗura wa gangarsa kunu da ludayi.

Na ce, "Tunau, taimake ni da takena, ko sau ɗaya."

Ya dube ni sama da ƙasa. "Baba, daga wane gari?"

Wallahi ko faɗuwa ba za ta yi mini ciwo haka ba. Ya ce in rera masa ya ji, ko zai tuna. Na buɗe baki, sai tari. Ashe ni ma na manta.

A ƙasa 'yan kallo sun juya wa fili baya suna tafi. Ruwa ya koma yayyafi. Awaki huɗu sun kama bakin filin suna naɗewa kamar tabarma.

Can sai na ji shi, dum, dum, daga nesa. Takena ne! Na ɗaga hannu zan yi kirari.

Na buɗe ido, matata Kulu ce ke dakan gero a tsakar gida. Na yi lamo a kwance, hannuna a sama.

Na ce, "Kulu, don Allah kada ki tsaya."

Ta jingine taɓarya ta ce, "Ai na gama, Maigida."