Warin Rijiyar Baba Maharazu

Mashkura malamar kimiyya ce a Dutse, tana zaune ita kaɗai a ɗakin haya a Limawa, ba abokin hira sai rediyo. Ranar Asabar ɗin da ta je gida Aujara, ta tarar da yayanta Sale, mai yasar rijiya, ya ɗaura igiya a ƙugu zai shiga tsohuwar rijiyar maƙwabcinsu Baba Maharazu. Rijiyar ta shekara a rufe, sai tashin warin ruɓaɓɓen ƙwai take yi.

Shi da mazan da suka taru a wurin sun riga sun yi abin da suka gada: sun zura fitila har ƙasa, ta dawo tana ci. A wurinsu magana ta ƙare, iska lafiya lau.

Mashkura ta ce, "Yaya, don Allah dakata. Iskar farar wuta ce a ciki. Ba ta kashe fitila, mutum take kashewa."

Sai kuma ta shiga bayani kamar tana gaban allo, halin malamai ke nan, ba sa duba wuri. Ta ce a kowace ƙwayar jikin mutum akwai wani ɗan sinadari, enzayim, mai ƙarfe da tagulla a tsakiyarsa. A kan ƙarfen nan iskar da muke shaƙa take sauka, jiki ya samu ƙarfi. In farar wuta ta riga ta zaune gurbin, shi ke nan, mutum yana numfashi amma a banza.

Maza suka bushe da dariya. Wani ya ce, "Ashe Sale ƙarfe ne a cikinsa, a kai shi maƙera mana!"

Sale ya daɗe yana leƙen rijiyar, ya ɗago ya ce, "Ai warin ma ya tafi."

"Bai tafi ba, Yaya. Hancinka ya kashe."

Ya zura ƙafa ɗaya. Ba ta san lokacin da ta ruga gida ba, ta cafko kazar Innarsu, ta ɗaure ta a guga, ta roƙe shi minti biyu rak. Ya ɗaga kafaɗa. Ta zura gugan, ta jira, ta jawo. Kazar ta sandare.

Aka yi ta salati, aka watse ɗaya bayan ɗaya. Sale ya kwance igiyarsa, ko kallonta bai yi ba. Ƙanwarsa ta bayansa ta ƙaryata sana'ar ubansu a bainar jama'a, abin ya yi masa ciwo ƙwarai.

Da la'asar ta tsaya a tasha tana waige-waige har motar Dutse ta cika, Sale bai zo ba. Kaɗaici ya rufe ta, ta yi kukanta a cikin mayafi. A hanya ta kira wayarsa sau uku, bai ɗaga ba. Ta sake kira, ta kara a kunne tana sauraro. Ko ba komai, a aljihun mai rai wayar take ƙara.