Ƙwan Mai Bindigar Wutsiya

Ranar Asabar ce ta ƙarshen watan Mayu, gari ya waye da yayyafi, gajimare ya sauko har yana shafar hasumiyar cocin ƙauyenmu na Skelby. Ina tsakiyar kokawa da kujerar Mista Blanshard, maƙwabcinmu, ina so in cusa ta a bayan motar kayan kawuna, sai ga 'yarsa Sheila ta fito da takalman ɗaki, hannu a ƙugu.

"Gavin Odling, ina za ka kai kujerar ubana?"

"Shi ya ce in saka."

"In ya ce ka faɗa kogi fa?"

"Sai in tambaye shi wanne."

Ba ta yi dariya ba. Daga cikin falo muryar tsohon ta fito, a dushe, tana haɗe da tari. "Sheila, ki bar yaron nan ya yi aiki. Wannan ne karo na farko da aka gan shi yana yi."

Gaskiya ya faɗa. Ina ɗan shekara goma sha shida na bar makaranta, kuma a shekara ukun da suka biyo baya na yanki kabeji, na wanke motoci, na fige kaji a wata masana'anta, ban daɗe a ko ɗaya ba. Ƙafata ba ta zama. Wuri ɗaya kawai nake iya zama in yi shiru, wato kan bokitin da ke bayan gidan Mista Blanshard, kusa da akurkin kajinsa, yana watsa musu hatsi yana ba ni labarin jirginsu.

Lankasta ake kiran irin jirgin, jirgin sama ne na yaƙin duniya na biyu, mai inji huɗu, mai ɗaukar mutum bakwai da bama-bamai. Shi ne mai bindigar wutsiya. Can ƙarshen jirgin ake cusa shi cikin wani ɗan keji na gilashi, ya ba sauran baya, sanyi yana cinsa har numfashinsa ya daskare a haɓarsa.

"Da baya na yi yaƙin nan kaf," in ji shi. "Ni nake fara barin ƙasa, ni nake ƙarshen isa Jamus. In an dawo kuma kowa ya riga ni gida."

Kowace shekara, ranar bikin ƙauye, tsohon Lankasta ɗin da har yanzu yake iya tashi yakan ratsa ta kan tsohon filin jirginsu, wanda yanzu gonar dankali ce. Mista Blanshard bai taɓa fashin zuwa kallonsa ba. Da a keke yake zuwa, daga baya da sanda. Bana huhunsa ya ƙare. Likita ya ce kada sanyi ya taɓa shi, nas ta kawo tukunyar iska da ɗan tiyo da ake saƙala masa a hanci.

Na shiga falon. Yana zaune a bakin gado, ya riga ya sa baƙar rigarsa ta fita, ya ɗaura lambobin yabonsa na soja a karkace. Sheila ta tsaya a bakin ƙofa.

"Baba, dubi sama fa. Ba za su tashe shi a wannan yanayin ba. Ka fita a banza, ka dawo min da ciwon haƙarƙari."

"Zai tashi."

"Wa ya gaya maka?"

"Gwiwata. Kafin azahar gajimaren nan zai ɗage."

"Gwiwarka ta ce za a yi rana ranar aurena, aka kwana ana ruwa."

"Ai gargaɗi ne ta yi miki, ba ki ji ba."

Ta juya fuska, na ga tana cije leɓe. Da ta sake magana muryarta ta yi ƙasa. "Zai iya kashe ka, Baba."

"Na sani, 'yar nan." Ya miƙo hannu ya kama yatsunta. "Gadon nan ma kashe ni yake yi, sai dai shi ba shi da inji."

Sannan ta wuce sama, muka ji tana buɗe durowa da ƙarfi, ta sauko da barguna uku da hular ulu. "Ni ma zan je. Kai kuma, Gavin, ka faɗa rami ɗaya da shi, sai na gaya wa uwarka abin da kake sha a bayan shagon Pocklington."

A kicin, kan faranti, akwai ƙwai ɗaya da kazarsa mai ruwan ƙasa ta saka da safe. Sheila ta so ta soya masa kafin mu fita, ya ce a'a, ba a cin ƙwai sai an dawo. Na san labarin. A lokacin yaƙi ƙwai ya yi wuya, amma duk wanda ya dawo daga kai hari ana soya masa ɗaya. Shi ya sa kafin a hau jirgi sukan tsokani juna: in ban dawo ba, ƙwaina naka ne. Duk su shida sun taɓa yi masa wannan alkawari.

"Ƙwai shida nake bin 'yan banzan nan," yakan ce. "Ko ɗaya ban gani ba."

Na ɗauke shi kamar yadda ake ɗaukar yaro. Nauyinsa bai kai buhun dankali ba. Muna wucewa ta kicin ya nuna farantin da haɓa.

"Samari, in ban dawo ba, ƙwaina naka ne."

"Ban son ƙwan kazar nan, tsoho. Fuskarta irin taka ce."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

Na so in sa shi a gaba inda akwai ɗumi, ya ƙi. Kujerar ya nuna, wadda na ɗaure da igiya tana kallon baya. Na zaunar da shi, Sheila ta naɗe shi har wuya, ta zauna a kan tayar safaya da tukunyar iskar a cinyarta. Na ɗaure ƙofofin baya a buɗe. Haka muka ratsa ƙauye a hankali, ta gaban filin biki inda mata ke jera kek a ƙarƙashin rumfa. Misis Cawthorn mai gidan waya ta ɗaga masa hannu.

"Cyril! Gwanjonka za a yi?"

"Ki zo ki taya, Doreen, kin daɗe kina so!"

Daga kwalta muka gangara hanyar gona. Abin da ya rage na filin shi ne ɗan guntun titin siminti da ciyawa ta farfasa, da wani ɗaki marar rufi da manomi ke zuba taki a ciki. Ya ce in wuce har bakin magudanar ruwa, inda wata bishiyar ƙaya take tsaye ita kaɗai da fararen furanni. A nan jirginsu ya faɗi. Sun dawo da inji biyu a mace, asuba ta yi, har suna hango fitilun titin, sai fiffike ya taɓa ƙasa. Wutsiyar ta ɓalle ta gangara cikin magudanar da shi a ciki. Gaban ya ci gaba ya kama wuta.

Na kashe mota na zagayo. Yayyafi ya tsaya, amma sama na nan a rufe. Sheila ta zuba shayi daga fulas, ta riƙe masa kofin. Azahar ta yi ta wuce. Leɓunansa suka fara canza launi, na ga Sheila tana duba agogo tana duba fuskarsa.

"Baba, mu koma. Mun gwada."

"Dougie bai taɓa zuwa kan lokaci ba." Dougie shi ne matuƙinsu, ɗan Kanada. "Har ɗaurin aurensa sai da aka jira shi."

Na ce, "Tsoho, ka taɓa jin tsoro a ciki?"

"Kullum. Wanda ya ce maka bai ji ba, a ofis ya yi yaƙinsa." Ya ɗan huta. "Su na gaba suna kallon hanyar gida. Ni kaɗai nake kallon garin da muka bari yana ci da wuta. Har mil ɗari ana ganin jan. Akwai mutane a ciki, samari. Ban taɓa gaya wa su Dougie yadda yake ba."

Can wajen gabas gajimare ya yage, haske ya zubo kan kunyoyin dankali. Sai tsohon ya ɗaga yatsa ɗaya daga cikin bargo. Ni ban ji komai ba, ga shi kuwa kunnensa ya daɗe da mutuwa rabi.

"A ƙirji ake jinsa," ya ce.

Sannan na ji. Wani gurnani mai nauyi, kamar ƙasa ce ke yi, yana tahowa daga gaban motar. Na leƙa na hango shi ƙasa-ƙasa, baƙi, fukafukai a miƙe, farfela huɗu na walƙiya.

"Ta gaba yake zuwa! Bari in juya motar!"

"Bar ta. Ban taɓa ganin inda za mu ba."

Ya wuce ta kanmu, motar ta yi ta rawa, shayi ya zube a kan siket ɗin Sheila. Sai ga shi a gaban idon tsohon, yana tafiya, wutsiyarsa mai reshe biyu da ɗan kejin gilashin a tsakiya suna kallonmu. Mista Blanshard ya fito da hannu gaba ɗaya. Ba sarawa ya yi ba, ɗagawa kawai ya yi, irin ta wanda ya ga abokinsa a tsallaken titi.

"Ba kowa a gurbina," ya ce.

Ya bi shi da ido har ya zama ɗigo, har gajimare ya haɗiye shi. Sannan ya ce, "To, direba. Gida."

Na tuƙa a hankali, ina kauce wa kowane rami. Ina ta surutu ta 'yar tagar da ke bayana, ina ce masa gwiwarsa ta ci a ba ta lamba ita ma. Mun kusa coci na ji an ƙwanƙwasa ƙarfen da ke tsakaninmu.

"Gavin," in ji Sheila. "Ba sai ka kauce wa ramukan ba."

Da la'asar, bayan likita ya zo ya tafi, masu ɗaukar gawa ma sun tafi, na shigo da kujerar na mayar da ita gurbinta a falo. Zan fita Sheila ta kira ni daga kicin. Ta soya ƙwan, ta ɗora shi a kan burodi, ta ajiye a teburi.

"Zauna. Ya ce naka ne."

Na zauna. Na cinye shi tas, tana tsaye a bakin taga ta ba ni baya.

Su bakwai ne a jirgin: Dougie, da Len, da Taffy, da Norman, da Wilf, da wani yaro Percy da bai cika shekara sha tara ba. Shida sun tafi a bakin magudanar nan da asuba guda. Na bakwai ya bi su ranar Asabar, a bayan motar kawuna, yana kallon hanyar da muka baro. Kaji huɗu ya bari, suna nan bayan gidanmu yanzu, ni nake watsa musu hatsi.